Jan Farce a Gindin Kwalba

Saura kiris a ɗaura auren Murja 'yar Malam Sale aka wayi gari fuskarta ta kumbura suntum, har idanunta sun shige ciki. Kafin hantsi fatar kumatunta ta fara saɓulewa. Aka sa ta a motar haya aka yi asibitin Dutse da ita, uwarta tana tallafe da kanta tana salati. Mutanen unguwa kuwa ba su jira likita ya ce uffan ba. A shekarar ne aka ƙaddamar da shari'a a Jigawa, kuma a Kiyawa duk wanda ya iya naɗa rawani sai ya riƙa jin kansa rabin alƙali.

Hukuncinsu ya faɗa kan Zuwaira mai gyaran amare. Mijinta ya daɗe da rasuwa, da dilka da lalle da turaren wuta take ci da kanta da marayunta. Hannunta ne na ƙarshe da aka gani a fuskar amarya. Nan da nan aka tuna sun taɓa sa-in-sa da uwar Murja a gidan suna. Wasu suka ƙara da cewa ai tana da 'ya da ta isa aure, ango Musaddiq kuma ma'aikacin sakatariya ne, ba a samun irinsa a bakin hanya. Kafin azahar an fasa mata tukunyar turare, iyayen wasu amaren sun aiko an kwashe kayansu daga gidanta.

Mai unguwa Arzika ya watsa taron da ƙyar. Ya ce in Juma'a ta zo babu wani bayani zai miƙa Zuwaira ga alƙali, ya kuma san ko an sallame ta zama a unguwar ya ƙare mata. Sannan ya aika a kira Malam Bubayero.

Bubayero Bafulatani ne wanda fari ya cinye wa shanu, ya shigo gari ya kama noma. Amma ba da noma aka san shi ba. In an kore wa mutum saniya ko an haura masa rumbu, shi ake kira, ya duƙa ya dubi ƙasa, ya bi sawu ko ta kan faƙo ne. Magana ba ta dame shi ba. 'Yarsa ta fari, Asma'u, ta girma ta yi aure har ta haihu bai taɓa kiran sunanta ba, sai "ke" ko "yarinyar nan", saboda kunyar ɗan fari. Ya ce wa mai unguwa shi sawun dabba ya sani, fuskar amarya kuwa ba ta da sawu.

Mai unguwa ya ce, "Duk abin da ya shiga gida da ƙafa ya shiga, Malam. Nemo mana ƙafar."

Bai ƙara musu ba. Lokacin auren Asma'u matarsa Iyatu ta riga ta rasu, kuma Zuwaira ce ta tsaya wa yarinyar tsayuwar uwa. Wannan bai manta ba.

Ya tarar da Zuwaira zaune a tsakar gida, ko share fasassun tukunyar ba ta yi ba. Tun bai tambaya ba ta ɗauko ragowar dilkar da ta yi wa Murja, ta lakata ta goge fuskarta da ita a gabansa. Ta ce tun da take sana'ar nan ba ta taɓa shafa wa 'yar mutane abin da ba za ta shafa wa kanta ba. Amma a kwanakin ƙarshe ta lura fatar yarinyar tana yin ja tana sheƙi, ga wani wari a jikinta irin na shagon gyaran gashi. Ta tambaye ta, yarinyar ta ɓoye fuska. Ta gaya wa uwar, uwar ta ce ta tsaya a aikin da aka kira ta.

Ya tambaye ta me ya hana ta gaya wa mutane haka da safe.

Ta ce, "Wa ya tambaye ni, Baffa? Da duwatsu suka zo, ba da tambaya ba."

Daga nan ya zagaya bayan gidan Malam Sale, don an fara raɗe-raɗin wai Sharhabilu ɗan acaɓa, wanda ya taɓa neman Murja aka ba shi haƙuri, shi ya hauro katanga ya barbaɗa wani abu. Bubayero ya duba gindin katangar daga wannan kusurwa zuwa waccan. Sawun akuya ya gani, da na jakin mai kwasar taki. Shi kuwa Sharhabilu yana kwance a Kafin Hausa gidan mai ɗori tun kafin a kawo lefe, ya kara da wata tinkiya a hanya, tinkiyar ta yi nasara.

Washegari ya sallama wa Hajiya Fatsuma, gwaggon ango, wadda ta haɗa lefen. Duk unguwar an san ba ta yi maraba da auren ba, kuma an ji ta da bakinta tana cewa ɗanta ya rasa wadda zai ɗauko sai baƙa. Ba ta musa ba. Hajiya Fatsuma ba ta cikin masu janye magana. Ta ce eh ta faɗa, kuma don ta faɗa ne ma ta nemo wa yarinyar magani. Ta sa mata kwalbar man shafawa a saman akwati, ɗan waje, sabuwar fasaha. An ce ƙwayoyin da ke cikinsa sun fi garin kwalli laushi nesa ba kusa ba, ba sa tsayawa a kan fata, ciki suke ratsawa su gyara mutum daga tushe. Ita kanta irinsa ta yo tsaraba daga Makka ta shafa, ga ta nan ba abin da ya same ta.

Bubayero ya dubi fuskar, fara sol, ya dubi gaɓoɓin yatsun, baƙi ƙirin, ya mayar da idonsa ƙasa. Ya tambayi inda ta samo kwalbar.

Ta ce, "A liƙe da ledarta na sayo ta a Dutse. A shagon surukinka ma, Tasi'u. In ba ka yarda da ni ba ai ka yarda da shi."

Gaskiya ta faɗa, ya yarda da shi. Tasi'u mijin Asma'u yaro ne mai ladabi, ba ya gaishe shi sai ya cire takalmi ya tsuguna. Don haka Bubayero ya fito yana ganin an buɗe kwalbar ne bayan ta bar shago, kuma zuciyarsa ta fi kwanciya a kan Hajiyar.

A asibiti ya tarar da ango Musaddiq zaune a kan benci, ya rame, yana gaya wa duk wanda ya zo dubiya cewa aure ba fashi. Murja tana ciki, an naɗe mata fuska sai baki da ido ɗaya. Da ƙyar ta yi magana, ba don ciwo kaɗai ba, har da kunya. Ta ce maganar Gwaggo Fatsuma ce ta tsaya mata a rai. Ta ɗauki man a ɓoye tana shafawa safe da yamma. Yana yi mata zafi, sai ta ɗauka zafin ne aikin. Ya tambaye ta wa ya buɗe kwalbar. Ta ce ita ce, da haƙorinta ta yage ledar, kuma a ƙasan akwatinta take ajiyewa, mabuɗin yana wuyanta.

Wannan ya wanke Hajiya Fatsuma daga zuba guba, ko da yake bai wanke bakinta ba.

Likitar da ke duba Murja ta ce yarinyar za ta warke, amma tabo zai rage. Ta karanta masa abin da aka rubuta a jikin kwalbar, wadda Malam Sale ya sa aka ɗauko daga akwatin, maganar ƙwayoyin nan da ido ba ya gani. Ta ce ita ba ta da na'urar da za ta tabbatar ko ta ƙaryata, sai an aika Kano. Amma ko da gaskiya ne, a wurinta ba abin murna ba ne kawai, don abin da ya iya ratsa fata ba wanda zai ce masa ga inda za ka tsaya, zai iya kaiwa jini, ya kai nonon mai shayarwa. Ta ƙara da cewa ƙunar da ta gani ta fi kama da ta soda, kuma ba ta jin abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta a waje.

Bubayero ya karɓi kwalbar. Rubutun bai dame shi ba tunda ba karantawa zai yi ba. Sai ya yi mata abin da yake yi wa saniyar da ake jayayya a kanta, ya nemi shaida. Ya duba murfi, ya duba wuya, ya kifa ta. A cikin ɗan lotsawar da ke gindinta akwai jan farce, ya dushe amma yana nan: ɗigo biyu, da ɗan layi a ƙarƙashinsu.

Kowace mace a ƙasar nan tana yi wa kayanta shaida. A gidan biki kwanuka da cokula sukan cakuɗe, don haka kowa takan ɗiga jan farce a gindin nata yadda za ta gane. Wata gicciye, wata zobe. Iyatu kuwa, Allah ya ji ƙanta, shaidar kunnen shanunsa ta kwaikwaya, tsaga biyu da yanka ɗaya. Da ta rasu mutum ɗaya ce ta gaji wannan shaidar.

Ana zaton wuta a maƙera, ta tashi a masaƙa. Ya nemi izinin Malam Sale ya sa kwalbar a aljihu, ya fita bai yi wa kowa sallama ba.

Gidan Tasi'u yana nan cikin Dutse, can bayan dabinai, kusa da gindin dutse. Tun da aka kai Asma'u Bubayero bai taɓa wuce zauren ba, yau ma a nan ya tsaya. Mai gidan yana shago. Ta ƙofar ciki ya hango wanke-wanke a kife a kwando, kowane kwano da ɗigo biyu da layinsa. Asma'u ta fito da gudu da kwanon ruwa, jaririnta a goye, murna kamar ta yi me, don ba ta saba ganinsa ba. Ta tsuguna ta gaishe shi.

Ya tambayi lafiyar yaron. Sannan, yana kallon bango, ya tambaye ta ko ta taɓa samun wani man shafawa mai farar kwalba da murfi ruwan gwal. Ta yi dariya ta ce ai a lefenta ya zo. Da ya ƙare ta wanke kwalbar, ta yi mata shaida tana zuba allura da maɓallai. Kwanaki mai gidan ya karɓa, ya ce zai ajiye a shago don masu saye su ga samfur. Har na maƙwabta yana sa ta karɓo masa in sun ƙare.

Ya ce, "Ke, kina shafa irin na shagonsa?"

Ta ce a'a. Ko ta roƙa ba ya kawo mata, wai ya fi son ta yadda take. Man kaɗanya yake sayo mata. Tana faɗa tana murmushi, don a wurinta maganar so ce.

Bubayero bai sha ruwan ba. A hanyar komawa ya sauka a Shuwarin, ya zauna a gindin wata bishiyar maina ya fito da kwalbar. Ya gane yadda aka yi kuskuren. Tasi'u ya goge murfi, ya gyara takarda, ya liƙe leda tsaf, amma namiji ne, bai taɓa wanke kwano ya kife ba, bai san ana duba gindi ba. Bubayero ya ɗora farcensa a kan jan ɗigon. Ƙanƙara ɗaya zai yi ya fita. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma tsoro ya kama shi sosai, don shaidar ba ta Tasi'u ba ce, ta 'yarsa ce. In ya nuna ta a bainar jama'a, mutanen da suka fasa tukunyar Zuwaira ba za su sha wahalar samun sabuwar ƙofa ba. In ya ƙanƙare kuma, Zuwaira ce za ta tsaya gaban alƙali. Ya daɗe a zaune, sannan ya mayar da kwalbar aljihu yadda take.

Ranar Juma'a da hantsi aka taru a zauren mai unguwa. Malam Sale da ango suna gefe guda, da dattawan unguwa da wani ɗan hisba. Tasi'u ya zo cikin farar shadda, ya cire takalmi ya tsuguna wa surukinsa kamar kullum. Mata suna bakin ƙofar ciki: Zuwaira ita kaɗai a rakuɓe, Hajiya Fatsuma da uwar Murja, sai Asma'u da goyonta, wadda uban ya aika a zo da ita ba ta san dalili ba.

Bubayero ya yi bayani a taƙaice. Ba wanda ya haura katanga. Zuwaira ta shafa dilkarta a gabansa, ga fuskarta nan kowa ya duba. Amarya da kanta ta yage ledar kwalbar. Saboda haka duk abin da ke ciki, da shi ta fito daga shago.

Ido ya koma kan Tasi'u. Bai ruɗe ba. Cikin ladabi ya ce daga Kano yake saro kayan a kwali, yadda suka zo haka yake sayarwa, bai taɓa buɗe ko ɗaya ba. Mata da yawa sun shafa ba abin da ya same su. Man lafiyayye ne. Ƙila dai haɗuwarsa da kayan gargajiya ce ta jawo, don ba a san me masu gyaran amare suke cakuɗawa ba. Dattawa suka fara gyaɗa kai. Magana ce mai daɗin ji, kuma ta mayar da su inda suka fi so. Zuwaira ta sunkuyar da kai.

Bubayero ya ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma, ya dogara da sandarsa.

Ya ce, "Asma'u."

Ba ta amsa ba da farko, sai da ta waiga ta ga ko wata ake nufi. Waɗanda suka san shi suka dubi juna. Ta taso ta tsuguna a gabansa. Ya kifa kwalbar ya tambaye ta shaidar wace ce wannan.

Ta duba, ta ce, "Tawa ce, Baffa. Kwalbar allurata ce."

Zauren ya ɗauki guna-guni. Hajiya Fatsuma ta fara tafa hannu tana cewa ashe ɓarawon a cikin gida yake, ta dubi Asma'u sama da ƙasa. Bubayero bai kula ta ba. Ya buɗe murfin ya tura kwalbar gaban 'yarsa.

Ya ce, "Mijinki ya ce lafiyayye ne. Shafa a fuskarki."

Asma'u ba ta taɓa yi masa musu ba. Ta dubi mijinta, ta dubi ubanta, ta sa yatsa ta lakato. Ba wanda ya lura gindin sandar Bubayero ya riga ya bar ƙasa, a shirye yake ya kaɗe hannun 'yarsa, sai Zuwaira. Hannun yarinyar bai kai kumatu ba Tasi'u ya zabura ya kama shi, ya goge yatsan da bakin farar shaddarsa.

Ya ce, "Kada ki shafa. Shayarwa kike yi."

Duk zauren ya ji. Shi ma ya ji abin da ya faɗa. Ya saki hannun ya zauna daɓas.

Sauran bayanin bai yi wuyar fita daga bakin Tasi'u ba. Man na ainihi ba ya samuwa kullum, mata kuma ba sa daina tambaya. Sai ya riƙa tara kwalaben da suka ƙare, ya cika su da basilin da man bilicin na bututu, ya ƙara ɗan man miƙar da gashi da soda don a ga aiki da wuri, ya liƙe leda da wutar kyandir. Ya daɗe yana yi, ba wadda ta dawo da ƙara, don mai ɓoye shafawa ba ta iya nuna ƙuna. Wannan karon Hajiya ta ce biki ya matso, tana son mai saurin aiki, shi ne hannunsa ya yi nauyi. Ya rantse matarsa ba ta san komai ba, kuma wannan rantsuwar kowa ya yarda da ita.

Mai unguwa ya damƙa shi a hannun ɗan hisba a kai shi gaban hukuma, aka aika a rufe shagon. Sannan ya juya ga jama'a ya ce duk wanda ya san hannunsa ya taɓa dutse ko bakinsa ya taɓa sunan Zuwaira, ga ta nan. Malam Sale ya tashi ya nemi gafararta, uwar Murja ta bi baya tana kuka. Sauran kuwa sai kowa ya tuna lokacin masallaci ya gabato. Zuwaira ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Ta miƙe ta kwance jaririn daga bayan Asma'u ta goya shi, ta ce yarinyar ta zo su tafi gidanta ta huta.

Bubayero yana tsaye a ƙofar zaure sa'ad da suka fito. Ya cika aikin da mai unguwa ya sa shi, amma bai ji daɗin komai ba, baƙin ciki ne fal ransa. Asma'u ta tsaya ta tsuguna masa kamar yadda ta saba. Idonta a bushe yake, tana kallon inda aka bi da mijinta.

Ta ce, "Tun ina yarinya nake so in ji sunana a bakinka, Baffa. Ashe a nan zan ji shi."

Ta tashi ta bi Zuwaira. Ya buɗe baki zai sake kiranta, sunan ya ƙi fita.